An raba mana ɗaki a jirgin ruwa, ga goyo ga yara biyu: mu karɓa ko mu fasa?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido. Mu biyar ne: ni da Baban Ilham, Ilham mai shekara 8, ƙaninta mai shekara 5, sai goyo ɗan wata 14. Jirgin zai tashi daga Southampton a hutun Agusta, ya bi ta Vigo da Lisbon da Cadiz. Tun lokacin sanyi muka ba da kafin alƙalami ta hannun wata ejan. Ta ce ɗaki ɗaya mai cin mutum huɗu ya ishe mu, wai ba a ƙirga jariri, gadonsa kawai za a shigo da shi. Sai da muka kammala biya ta kira, wai kwamfutar kamfanin ta ƙi karɓar suna na biyar. Ta raba mu ɗaki biyu, muka ƙara kuɗi, ta yi alkawarin akwai ƙofa a tsakaninsu. A takarda ni da Ilham da goyo muna ɗaya, Babansu da yaron suna ɗaya. Jiya lambobi suka fito: 10148 da 10149. Na ji daɗi da na gan su a jere, amma takardar ba ta ambaci ƙofa ko'ina ba. Da na kira ta sai ta ce kar in damu, za a gyara a cikin jirgi. Ana gyarawa kuwa? Ko mu fasa?

UmmuKhalil: Wa'alaikumus salam. "Za a gyara a cikin jirgi" a watan Agusta? 'Yar'uwa, lokacin ne fa jirgi yake cika maƙil. Wa zai tashi ya ba ki ɗakinsa?

Injiniya_Kabir: Maman Ilham, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma kafin maganar ƙofa ki nemi taswirar benen jirgin a shafin kamfanin, ki duba hawa na 10. A yawancin jiragen nan lambobin da suka ƙare da 0, 2, 4, 6, 8 suna ɓangare guda, masu ƙarewa da 1, 3, 5, 7, 9 suna ɗaya ɓangaren. Maƙwabcin 10148 shi ne 10146 ko 10150. Shi 10149 mai yiwuwa a can gefen jirgin yake, a wani lungu dabam, ga ɗakunan tsakiya da sito na ma'aikata a tsakaninku. Ba kowane jirgi ba ne, amma ki duba.

Maman_Ilham: Innalillahi. Na duba yanzu. Haka yake, Injiniya. Ɗaya hagu ɗaya dama. Sai mutum ya miƙe lungu har wajen lifta, ya tsallaka, sannan ya dawo.

Sarkin_Zolaya: Allah ya ba mu irin matsalarku. Mu nan muna lissafin kuɗin fetur, ku kuna kukan ɗaki a tsakiyar teku 😂

UmmuKhalil: Kai dai ba ka rabo da abin nan. Baiwar Allah ta tara kuɗinta don ta faranta wa 'ya'yanta, ka bar ta ta nemi haƙƙinta.

Dan_Zango_Kumasi: Anti, ni aikina ke nan, gyaran ɗakuna a irin jiragen nan, don haka bari in yi bayani a kan tushen abin. Ejan ɗinki ta ɗauki dokar jirgin sama ta kawo ruwa. A jirgin sama yaro ƙasa da shekara 2 zai iya zama a cinya. A jirgin ruwa kowane rai ana ƙirga shi, ko ɗan wata shida ne, saboda lissafin ba na gado ba ne, na kwale-kwalen ceto ne. Kowane ɗaki yana da adadin mutanen da aka yi masa rajista, kuma kowane rukunin ɗakuna yana da wurin taruwarsa idan an samu haɗari. Har ma yakan faru ki ga ɗaki mai gado huɗu a buɗe, amma kwamfuta ta ƙi karɓar mutum na uku, don wurin taruwar wannan yankin ya riga ya cika. Babu manajan da zai tsallake wannan, ko kuka kika yi masa.

Abu na biyu, ki duba takardarki ko an rubuta cewa ɗakin na garanti ne. Irinsa ya fi araha, amma ma'anarsa kin biya kuɗin aji ne kawai, kamfani ke zaɓar lamba daga baya, duk inda ya samu gurbi. Wanda ya sayi garanti biyu bai sayi maƙwabtaka ba, balle ƙofa.

Maman_Ilham: Akwai wasu haruffa uku a gaban ajin ɗakin da ban gane ba, sai yanzu. Garanti ne. Ba ta taɓa faɗa mana ba.

AbuFawzan_Leeds: Ni dai ban ga abin tayar da hankali ba. Kowane ɗaki akwai babba a ciki. Barci kawai za a yi, da rana kowa yana waje, ga wurin wasan yara ga wurin cin abinci. Mu haka muka yi da iyalina, ba abin da ya faru. A fasa tafiyar da yara suka ƙwallafa rai a kanta saboda tafiyar minti biyu a lungu?

UmmuKhalil: Abu Fawzan, ka tambayi Maman Fawzan yadda ta ji, kar ka ba mu labari a madadinta. Ƙarfe biyu na dare goyo ya tashi da zazzaɓi, babbar tana barci, maganin yana jakar da ke wancan ɗakin. Ta bar 'yar shekara 8 ita kaɗai, ko ta tashe ta su fita tare? Kuma ɗan shekara 5 ɗin nan, ka tabbata zai yarda ya kwana ba uwarsa? Ƙarshenta duk ukun a kanta za su tare, Malam ya miƙe ƙafa shi kaɗai a ɗaki mai baranda.

AbuFawzan_Leeds: Akwai waya a kowane ɗaki, Hajiya. Ta buga masa ya zo.

UmmuKhalil: Idan ya ji ƙarar.

Sarkin_Zolaya: Ni da na ga "an raba mana ɗaki" na ɗauka amarya Malam ya yi 😂 To tambaya ta gaskiya: mai mata biyu fa, yaya kwamfutar take yi da shi?

Dan_Zango_Kumasi: Kwamfuta ba ruwanta da aure, suna da ranar haihuwa take gani. Sunanka a ɗaki ɗaya zai zauna. Sauran lissafin kwana kai ya shafa.

Barista_Hadiza: Mu koma kan tambayar. Maman Ilham, tunda a Birtaniya kika saya, dokar tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta 2018 ta shafe ki, domin tafiyar jirgin ruwa irin wannan ta haɗa sufuri da masauki. A ƙarƙashinta, idan mai shirya tafiya ya amince da wata buƙata ta musamman daga wajenki, sannan ya kasa cika ta kafin tashi, kina da damar fasawa a mayar miki da kuɗinki ba tare da tara ba. Amma kalmar ita ce "ya amince". Roƙon da aka rubuta a gefe cewa iyali suna son zama kusa ba amincewa ba ne. To alkawarin ƙofar nan, a ina yake? A imel, a WhatsApp, ko a baki?

Idan ba ki da shi a rubuce, kika fasa da kanki, jadawalin tarar kamfani ne zai hau kanki, kuma yadda ranar tashi take matsowa haka kason da za ki rasa yake ƙaruwa, har ya kai duka. Don haka kar ki furta kalmar fasawa a waya yanzu. Ki rubuta mata, ki jero abin da ta faɗa da ranakun da ta faɗa, ki nemi amsa a rubuce. Ki kuma duba ko ofishinta yana cikin ABTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Birtaniya, suna da hanyar shigar da ƙorafi.

Maman_Ilham: Barista, akwai saƙon murya da ta turo min a WhatsApp, ta ce da bakinta "akwai ƙofa a tsakani, kamar ɗaki ɗaya ne". Wannan zai yi?

Barista_Hadiza: Ki adana shi a wuri biyu yau ɗin nan. Hujja ce a kanta. Ko ya ɗaure kamfanin jirgin, wannan ya danganta da wanda aka rubuta a matsayin mai shirya tafiyar a kwangilarki. Ki duba shafin farko.

Mai_Lissafi_Mcr: In da katin kiredit kika biya, sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya kare ki. Daga sama da fam 100 zuwa fam 30,000, banki ma yana da alhaki. Kira bankinki kawai.

Barista_Hadiza: Ba kai tsaye haka ba, Malam. Idan kuɗin ya bi ta asusun ejan maimakon ya tafi wajen kamfanin jirgi, banki yakan ce sarƙar da ta haɗa mai saye da banki da kamfanin ta tsinke, don haka ba shi da alhaki. Sannan jirgin bai fasa ba, ɗaki biyu da aka biya suna nan. A gwada, amma kar a ba ta tabbaci.

Dan_Damagaram13: Salamu alaikum. Mu daga Marseille muka shiga bara, ta Genoa da Barcelona. Namu ya sha bamban. Mun zaɓi lambobi da hannunmu, masu ƙofa a tsakani, an rubuta, komai lafiya. Ana gab da tafiya sai ga saƙo wai albishir, an ɗaga darajar ɗakina kyauta zuwa mai baranda, hawa biyu sama da na uwargida da yara. Su a ganinsu alheri suka yi mini. Kafin in kira, an sayar da tsohon ɗakin. Abin da na koya daga ma'aikaciyar da ta saurare ni: duk mai ɗaki biyu ya sa a haɗa lambobin rajistar biyu a kwamfuta, kuma ya sa a rubuta cewa ba ya son ƙarin daraja. In ba a haɗa ba, har teburin cin abincin dare za a iya raba ku, ɗaya zaman farko ɗaya zama na biyu.

Maman_Ilham: Kai! Ban ma yi tunanin teburin abinci ba. Lambar rajista biyu ta turo min kuwa.

Injiniya_Kabir: Abin da ya fi damuna a maganar Ɗan Zango shi ne wurin taruwa. Abu Fawzan yana cewa barci kawai za a yi, amma ɗakin hagu da na dama da wuya su samu wurin taruwa guda. Idan aka busa ƙahon gaggawa, gajeru bakwai da dogo ɗaya, uwa da yara biyu za su nufi wani wuri, uba da yaro su nufi wani. Dokokin nan ba don ado aka yi su ba. Yarjejeniyar SOLAS, wato ta ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, ta farko a 1914 aka yi ta, bayan nutsewar Titanic a 1912, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1974 ce. Da jirgin yawon buɗe ido Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka mutu, kuma ɗaruruwan fasinjojin da suka hau a tashar Civitavecchia a ranar ba a riga an yi musu atisayen ceto ba. Bayan nan ne aka tsaurara doka, ya zama dole a yi atisaye kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa.

AbuFawzan_Leeds: Injiniya, kana tsorata ta ne kawai. Miliyoyin mutane ke hawa kowace shekara lafiya lau.

Injiniya_Kabir: Na yarda. Amma ta san inda kowa zai tsaya kafin ta ce ta karɓa.

Malama_Bagwai: Ni karatun nan ya tuna min da gida. A can kamfani ya ƙi ƙara jariri ɗaya a kan lissafi har ana jin haushinsa. Mu a 2021 kwale-kwale ya kife da ɗaliban Islamiyya a Bagwai, kafin nan a watan Mayu ga na Warrah a Kebbi, duk maganar lodi fiye da ƙima ce. Kamar motar haya muke ɗaukar abin, goyo a cinya ba a biya masa ba a ƙirga shi. Ejan ɗin ta yi miki laifi, 'yar'uwa, amma kwamfutar da ta ƙi sunan nan na biyar ba ta yi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

UmmuKhalil: Amin ya Allah.

Dan_Zango_Kumasi: Amin. Anti Maman Ilham, ga wani abu da iyalai ke yi wanda ke ba mu wahala. Suna zuwa su sauya wurin kwana da kansu, yaron da ke takardar Baba ya koma ɗakin Mama. Ba wanda zai hana ki. Amma katin yaro da abin hannu da ake ɗaura wa ƙananan yara suna ɗauke da wurin taruwar ɗakin da aka rubuta shi. Idan yana wurin wasan yara aka busa ƙaho, can ma'aikata za su kai shi. Don haka ranar farko ki je teburin karɓar baƙi, ki nemi ƙarin katin buɗe ƙofa na kowane ɗaki, ki tambaya ko za a haɗa ku wurin taruwa ɗaya. Wani lokaci ana yi. Ki kuma ce wa mai gyaran ɗaki ya nuna miki rigar ceto ta jarirai, dabam take da ta yara.

Gadon jariri kuma a nema tun yanzu, ba su da yawa. Kuma ki sani, ɗakin mutum huɗu da kuka so tun farko, in an sauke gadon sama an buɗe kujerar kwana an kafa gadon goyo, ko hanyar banɗaki sai da dabara. Ɗan shekara 5 ma ban ba da shawarar a ɗora shi gadon sama ba.

Hajiya_Kaka: 'Ya'yana, ni tawa matsalar ta suna ce, ku kiyaye. Jikokina biyu duk Muhammad, iyayensu wa da ƙani, don haka sunan kaka ɗaya suke amfani da shi a fasfo. Mai shigar da bayanai ta ɗauka maimaici ne, ta goge ɗaya. Sai a tashar jirgi aka gano, muna tsaye da kaya yaro yana kuka. An gyara don ranakun haihuwa sun bambanta kuma rasit ya nuna an biya wa kowa, amma ran nan na ga tashin hankali. Ku duba kowane suna harafi-harafi yadda yake a fasfo.

Barista_Hadiza: Gaskiya ne, Hajiya. Ƙari a kai: yawancinmu mata sunan mahaifinmu ne a fasfo, yara kuma na nasu uban. Duk wadda za ta hau da yara ba tare da maigida ba ta riƙe takardar haihuwa da takardar amincewar uba.

Sadiya_Luton: Tambaya a gefe don Allah. Mamana ta zo mana ziyara daga Kano, muna so mu tafi da ita irin wannan tafiyar ta riƙa kama min yara. Bizar Ingila ta isa?

Mai_Lissafi_Mcr: Ba ta isa ba. Sifaniya da Fotugal suna cikin Schengen, rukunin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, mai fasfon Najeriya sai da bizar Schengen, ko da ta ce ba za ta sauka daga jirgi ba, a tashar farko za a hana ta hawa. Kuma a ƙa'ida a ƙasar da mutum yake zaune ake nema, wato ita daga Najeriya.

Abu_Rayyan_Jidda: Ku zo nan ku huta da wahalar biza ta Turai. Tun Disamba 2024 akwai jirgin Aroya da ke tashi daga Jidda a Bahar Maliya, an tsara shi don iyalan Larabawa, ga wurin sallah ga abinci halal.

UmmuKhalil: Malam, can ma ai ƙirga jariri za a yi. Teku ɗaya doka ɗaya.

Nurse_Bilki: Tunda ana maganar goyo: yawancin kamfanoni ba sa karɓar jariri ƙasa da wata 6, a tafiyar tsallaka Atlantika kuma sai ya kai wata 12. Mai juna biyu da za ta shiga mako na 24 kafin a dawo ita ma ba a ɗaukarta. Naki ya wuce wannan, Maman Ilham, amma ki shirya: yaro mai sa famfas ba a barinsa shiga babban wurin ninƙaya, kuma wurin wasan yara na kyauta galibi daga shekara 3 ne. Ma'ana goyon nan yana hannunki dare da rana. Shi ya sa na fi karkata ga Ummu Khalil a kan Abu Fawzan. Ƙofar nan ita ce hutunki.

AbuFawzan_Leeds: Kun taru a kaina 😅 To na sassauta: ta nemi a gyara, amma in bai yiwu ba ta tafi. Fasa tafiya asara biyu ce.

Injiniya_Kabir: Akwai hanya ta tsakiya. Ɗakuna masu ƙofa a tsakani kaɗan ne a kowane jirgi, su ake fara kamawa. Amma ana iya samun mai baranda da na ciki marar taga suna kallon juna a lungu ɗaya, taku biyu tsakani. Ki tambayi wannan. Ko ɗakuna biyu masu baranda a jere, a wasu jiragen ana buɗe shingen da ke tsakanin barandar.

Nurse_Bilki: Baranda da ɗan shekara 5 mai hawa kujera? Ni kam a'a. Na ciki ya fi min kwanciyar hankali.

Dan_Zango_Kumasi: Ƙofar baranda tana da makulli a sama a jirage da yawa, kuma kujerun za a iya ce mana mu fitar da su. Amma buɗe shingen nan ba alkawari ba ne, sai jami'i ya yarda, kuma in iska ta yi ƙarfi a rufe.

Maman_Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda ake: na rubuta mata kamar yadda Barista ta ce, na haɗa da saƙon muryar. Na kira kamfanin jirgin, suka ce tunda ta hannun ejan aka saya, ita kaɗai ke da ikon taɓa rajistar, amma sun tabbatar min ba a haɗa lambobin biyu ba. Ita kuma ta dawo da zaɓi biyu: ɗakuna biyu na ciki masu kallon juna a hawa na 8, ba ƙofa, ba ƙarin kuɗi, ba kuma za a mayar mana da bambancin baranda ba. Ko masu ƙofa a tsakani a tafiyar hutun Oktoba, mu ƙara fam 400. Baban Ilham ya ce mu karɓi na farko. Ni zuciyata ba ta kwanta ba.

UmmuKhalil: Fam 400 ɗin ita ya kamata ta biya, ba ke ba. Da bakinta ta ce akwai ƙofa.

AbuFawzan_Leeds: Karɓi hawa na 8. Ƙasa-ƙasa ma ya fi sauƙin jiri ga yara, musamman a tekun Biscay da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, kuma a Oktoba ruwan can ya fi tashi.

Barista_Hadiza: Duk wanda za ki karɓa, ki rubuta cewa kin karɓa ne ba tare da yafe neman bambancin kuɗin ba. Kuma ta turo miki sabuwar takarda mai lambobi daga kamfanin, ba daga ofishinta ba.

Dan_Damagaram13: Kuma a cire garantin nan, a rubuta ba kya son ƙarin daraja, kar a yi miki irin nawa.

Sadiya_Luton: Maman Ilham, lambobin hawa na 8 ɗin nawa da nawa ne? Turo wa Injiniya ya duba taswira kafin ki amsa mata.